Yadda Ake Koya Wa Ƙaramin Yaro Riƙon Kuɗi, Daga Kuɗin Tara Zuwa Goron Sallah

Washegarin wata ƙaramar sallah, ɗana na tsakiya, lokacin yana da shekara 7, ya bi yayyensa yawon sallah. Sun gaida dangi daga Gangare har Unguwar Rogo, suka ƙarasa gidan zu kamar yadda yaran Jos suka saba. Na san ya samu, don kawunnansa masu sakin hannu ne. Amma da magariba sai ga shi da bindigar roba da ta riga ta karye, da tabarau mai ido ɗaya, ciki ya yi tim da askirim, aljihu wayam. Na hau shi da faɗa: “Kai yanzu ko naira 100 ba ka iya ragowa ba?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Umma, in na kawo gida ai cewa za ki yi in kawo ki ajiye min. Kuma ba na sake ganinsu.”

Bakina ya mutu. Na sallar bara gawayi na saya da su, na babbar sallah kuwa ban ma tuna inda suka shiga ba. Yaron lissafi ya yi, kuma bai yi kuskure ba: abin da ya ci shi ne nasa, abin da ya ajiye ya zama na Umma. Ni da hannuna na koya masa cewa mai tanadi shi ne wawa, sannan na dawo ina kiransa almubazzari.

Tun daga ranar na sake tsari a gidana, shi ne zan shimfiɗa a nan daki-daki. Ya dace da yara daga shekara 3 zuwa wajen 10. Kuɗaɗen da zan ambata misali ne kawai, kowa ya auna da aljihunsa.

Mataki na 1: Ku fara biyan abin da yaro ke bin ku

Kafin yaro ya yarda da ajiya, sai ya ga da idonsa cewa abin da aka ajiye yana dawowa. Ku sami ƙaramin littafin rubutu irin na ’yan makaranta, kowane yaro da nasa. A raba shafi gida huɗu: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Duk sanda yaro ya miƙo kuɗi, a ƙirga a gabansa yana ji, a rubuta, shi kuma ya sa hannu. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa ko ya yi zane. Autata kifi take zanawa, kuma har yau ban ga sa hannun da ya fi nata wuyar kwaikwayo ba. Kuɗin su shiga ambulan mai sunan yaron, kada su kwana jaka ɗaya da na cefane. In suka haɗu shi ke nan, mai gawayi na yin sallama za su bi shi.

Ban ce uwa ba za ta taɓa kuɗin ɗanta ba. Akwai ranar da gas zai ƙare tukunya na kan wuta, Abbansu kuma bai dawo ba. To, a tambaya: “Ranta min 1,000 daga naka, ranar Juma’a zan biya.” A rubuta a littafin, ranar Juma’a a biya ko da shi ya manta. Ni da zan fara, sai da na zauna na kintaci abin da na cinye musu na salloli biyu, na rubuta shi bashi a kaina, na biya sau uku. Abbansu ya yi ta tsokanata, wai ’yan firamare na bina bashi. Da ya ga yaran sun fara kawo kuɗi da kansu ba wanda ya tambaye su, ya bar tsokanar.

Mataki na 2: Yaro ya san kuɗin da kansu

Ɗan shekara 3 ko 4 yawan takardu yake gani, bai san daraja ba. Miƙa masa 50 guda uku ka ce ya ba ka 500 ɗinsa, da murna zai ba ka. Saboda haka a fara da fuska da launi. A baje takardun a tabarma: naira 5 mai hoton Tafawa Ɓalewa, 10 mai Alvan Ikoku, da matan Fulani ɗauke da ƙwaryar nono a bayanta, 20 mai Murtala, wadda har sunansa ta ci, 50 da ake ce wa wazobiya, 100 mai Awolowo, 200 mai Sardauna, 500 mai Azikiwe, sai 1,000 mai mutum biyu, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, tsoffin gwamnonin Babban Banki. A juya murtala a nuna masa matar da ke ginin tukunya a bayanta. Ladi Kwali ke nan, ’yar garin Kwali ta yankin Abuja. ’Yan mata na jin daɗin wannan labarin.

Daga nan sai musaya: wazobiya biyu su ne Awolowo ɗaya, Awolowo biyu su ne Sardauna ɗaya. In ya kama, a buɗe shagon wasa. A tara gwangwanin madara da kwalin ashana da ledar omo da suka ƙare, a sa wa kowanne farashi, yau shi ne mai shago ku ne masu saye, gobe a juya. Wani lokaci ku ba shi kuɗin da bai cika ba da gangan, ku ga ko zai farga. Ranar da ya ce “Umma, saura 50,” an wuce wannan ajin.

In da kaka a gida, a bar ta ta ƙara musu da nata. Ita har yau jaka take ce wa 200, fam kuma naira 2, tana kuma ba su labarin lokacin da sule goma ke yin naira guda. Naira da kwabo sun shigo ne a 1973, amma ’ya’yanmu ba su taɓa ganin an sayi wani abu da kwandala ba, kuma 5 da 10 ɗin ma yanzu da ƙyar suke sayen komai. Duk da haka a adana ’yan ƙananan takardun, da su ake koyon ƙirga.

A nan ne kuma ake koyar da ladabin kuɗi: ba a sa su a baki, ba a dunƙule su, ba a rubutu a jikinsu. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ma ta haramta wulaƙanta naira, har da liƙi a wajen biki, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata 6 ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba.

Mataki na 3: Aike da canji

Daga shekara 5 zuwa 6 a fara aikensa shagon da ke cikin layi, wanda ba sai ya tsallaka titin da keke ke gudu ba. Farko abu ɗaya, da kuɗinsa cif. In ya saba, a ba shi wanda za a dawo da canji, kuma kafin ya fita ya amsa tambaya uku: me za ka sayo, nawa na ba ka, nawa za a dawo maka? Ya ƙirga canjin a gaban mai shago, ba a soro ba.

Zai haɗu da “babu canji, ɗauki alawa.” Yaro kuwa ba abin da yake so ya ji kamar wannan. A gaya masa tun a gida cewa alawar ba tasa ba ce, domin kuɗin ba nasa ba ne. Ya ce wa mai shago zai tambayo, ko a rubuta za a karɓa anjima. Canji na mai aike ne, ko naira 10 ce a miƙo ta hannu. Bayan ya miƙo, in kun ga dama ku ce ya riƙe, wannan tukuici ne. Amma kada ya zama kullum, don yaron da ya saba cin canji yana girma ya fara ƙara wa kaya kuɗi kafin ya iso gida. In kuma mai shago ya yi kuskure ya ba shi fiye da ƙima, ku raka shi ya mayar da hannunsa, ya ji godiyar da za a yi masa.

Zai zubar da kuɗi wata rana, babu makawa. Kada a kai hannu jikinsa a karo na farko. Yaron da aka daka kan ya faɗi gaskiya, gobe zai ce wani ne ya ƙwace. A tambaye shi a ina ya riƙe, a koma a duba hanya tare, sannan a nema masa wando mai aljihu mai zurfi.

Mataki na 4: Kuɗin tara, inda ainihin karatun yake

Yawancinmu kuɗin tara, wato ɗan abin da ake ba yaro ya kashe a makaranta, muna ba da shi ne yadda gari ya waye: yau 200, gobe babu, jibi 500 don Abba ya yi ciniki mai kyau. Yaro ba zai iya tsara abin da bai san zuwansa ba. Ku tsayar da adadi ɗaya wanda ko wata ya yi nisa za ku iya, ko da kaɗan ne, ku kuma tsayar da lokaci.

Ɗan aji 1 da aji 2 a riƙa ba shi kullum da safe. Daga aji 3, wato wajen shekara 8, a fara haɗa masa na kwana biyu, sannan na mako guda, a ba shi ranar Lahadi da dare. A ce 100 ne a rana, to 500 ke nan, kuma a ba shi a ƙananan takardu don ya iya rabawa. A faɗa masa a fili abin da kuɗin zai ɗauka da wanda ba zai ɗauka ba. Nawa sun san ƙwalama a kansu take: awara, gullisuwa, ƙuli-ƙuli, cingam. Littafi, fensir, kuɗin keke da magani a kanmu suke. Kuɗin Laraba na Malam kuma ana ba su daban, amana ce, ba a haɗa shi da nasu.

Ga abin da zai faru, ku shirya masa. Makon farko zai cinye 500 ɗin ranar Litinin, shi da abokai. Ranar Talata zai tsaya bakin ƙofa yana murza ido. A nan yawancin iyaye ke faɗuwa, musamman mu mata, don zuciya ba ta jure ganin yaro ya tafi makaranta hannu rabbana. Kada ku ƙara masa ko kwabo. Ku cika masa ciki da kunu da ƙosai, ku zuba masa abinci a kula da ruwa a gora, ya tafi. Ba yunwa zai ji ba, kwaɗayi ne zai dame shi yana kallon wasu na layin mai awara, kuma wannan kwaɗayin na kwana huɗu shi ne malamin. Ba sai an yi masa gori ba. Ranar Lahadi in za a ba shi na sabon mako, tambaya ɗaya ta isa: “Wannan karon yaya za ka yi?” Na tsakiyan nan nawa sai da ya yi haka mako uku a jere kafin ya ƙirƙiro dabararsa: ya riƙa cusa 100 a cikin kowace safa, safa biyar, ɗaya kowace safiya.

Gara ya yi asarar 500 yana ɗan shekara 8 da ya yi asarar jarin shago yana ɗan 25. Ko a aya ta 6 ta Suratun Nisa’i, da aka zo maganar dukiyar marayu, cewa aka yi a jarraba su tukuna, sai an ga shiriya a tare da su a miƙa musu. Ba a jarraba mutum da abin da ba a taɓa sa masa a hannu ba.

Abu biyu da ban yarda da su ba. Na ɗaya, biyan yaro don ya yi shara ko wanke-wanke. Gidan ubansa ne, aikin gida ba kwadago ba ne. Wanda aka saba biya, ranar da aka ce ya miƙo buta zai tambayi nawa ne. In aiki ne na musamman da dama za ku biya wani, kamar wanke mota ko ɓare buhun gyaɗa, wannan daban. Na biyu, yanke kuɗin tara don hukunci kan laifin da bai shafi kuɗi ba. In kuka yi haka kun koma gidan jiya, ya sake zama abin da ba a san zuwansa ba.

Mataki na 5: A raba gida uku, a ba ajiyar suna

Da zarar ya fara kai ranar Juma’a da ragowa, lokacin rabo ya yi. Kowane kuɗi ya shigo, a kasa shi uku: na ci, na ajiya, na bayarwa. A 500, mu muna yin 300, 150 da 50. Ba doka ba ce, abin da ake so dai kowane gida ya sami wani abu, kuma a cire na ajiya tun ranar karɓa. Wanda ya ce sai abin da ya rage zai ajiye, ba zai taɓa ajiyewa ba, manya ma shaida ne.

Asusu iri biyu ne, kowanne da amfaninsa. Ƙaramin yaro a ba shi roba mai haske da yake hango abin da ke ciki yana ƙaruwa; gani ya kori ji. Na ƙasa, wanda sai an fasa, ya fi dacewa da ɗan shekara 8 zuwa sama wanda hannunsa ke ƙaiƙayi. Sai dai asusun ƙasa an yi shi ne a zamanin kwabbai. Takarda ba ta son laima, damunar Jos kuwa kowa ya san ta, a Yuli da Agusta ko tufafi a sif wari suke yi. Ga gara. Kada a ajiye shi a ƙasa ko jikin bango, kuma kada ya wuce wata 3 ba a fasa ba. Ku tuna abin da ya faru da aka sauya fasalin 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, aka sa wa’adin ƙarshen Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu: mutane suka yi ta fasa asusu suna tseren kai tsoffin kuɗi banki, kafin daga baya kotu ta ce a ci gaba da karɓarsu.

“Ka ajiye saboda gaba” ba magana ce da ke shiga kunnen yaro ba. Gaba a wurinsa ita ce bayan la’asar. Ajiya sai da suna: ƙwallo, agogon hannu, ’yar tsana, takalmin makaranta irin na wane. Shi zai zaɓa, ko da a ganinku shirme ne. A je a tambayi kuɗin abin tare, a dawo a zana akwatuna a takarda, kowane akwati 100 ko 200, ya riƙa shafe ɗaya duk sanda ya zuba. Burin farko kada ya wuce mako 3 ko 4, don ya ɗanɗani daɗin isa. In ya cika, shi zai ƙirga, shi zai miƙa wa mai kaya.

Babbar ’yata ta taɓa ƙyalla ido kan wata rigar sanyi a ’yan gwanjon Katako, tun ana sauran wata biyu hunturu ya shigo. Ta tara abin da aka ce mata, muka koma a Disamba, sanyi ya sauka, mai kaya ya ce ai yanzu ta ƙara 1,000. Ta yi kuka a tsakiyar kasuwa. Na so in cika mata nan take, amma na tsaya na fara yi mata bayani: kaya na tashi lokacin da kowa ke nemansu, kuma kuɗin da ke kwance ƙarfinsu raguwa yake yi. Ba ƙarya na yi mata ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya ji a jikinsa, a 2024 kuwa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Muka taya, ya rage 400, Abbanta ya cika sauran a matsayin kyauta don ta yi ƙoƙari. Da shekara ta zagayo, ita ce ta tuna min a sayi kayan sanyi tun Oktoba.

Kason bayarwa kuma yaro ya bayar da hannunsa, ya zaɓi wanda zai ba: almajirin da ke zuwa gidan, tsohuwar da ke zama bakin masallacin Juma’a, ko abokin da ya zo makaranta ba komai. Kada a raina wannan kason. Yaron da aka cika wa kunne da “ajiye, ajiye” kaɗai, marowaci yake zama, kuma na ga alamar haka a babbar ’yar tawa, har ƙanwarta ta roƙi alawa ɗaya ta ce sai dai bashi. A Suratul Isra’i, aya ta 29, an hana ƙuƙunce hannu a wuya, an kuma hana sakinsa gaba ɗaya. Duka biyun ake koyarwa lokaci guda.

Mataki na 6: A tafi da shi kasuwa

Sau ɗaya a wata ya isa, kuma yaro ɗaya a kowace tafiya. Kafin a fita a zauna a rubuta abin da za a sayo, shi ne marubuci. A gaban kowane abu ya sa alama: wannan dole ne, wannan sha’awa ce. A faɗa masa jimillar abin da aka fito da shi, ya san cewa in ya ƙare an juyo gida.

A Farin Gada, inda kayan miya da kabeji da karas da dankalin turawa ke sauka, a bar shi ya tambayi farashin kashin tumatir a wuri uku kafin a saya. Ya ji yadda ake tayi, yadda mai kaya ke cewa “albarka,” yadda ake ƙarawa kaɗan-kaɗan har a sallama, da yadda ake neman gyara ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Sannan a ba shi abu ɗaya nasa, a ce albasa ta 500, ya yi cinikin da kansa ku kuna gefe. ’Yan kasuwa na son yaro mai tayi, sau da yawa har gyaran da ba za su yi muku ba shi za su yi masa. A nuna masa kuma cewa araha ba ta ado: ga tumatir mai sauƙi da zai ruɓe gobe, ga mai ɗan tsada da zai yi kwana huɗu.

Ku kula da bakinku a kasuwa. In ya nuna abu, kada ku ce “ba ni da kuɗi” alhali yanzu zai ga kun zaro kun biya mai nama. Zai ɗauka ƙarya kuke yi, kuma da gaskiyarsa. Ku ce, “Ba shi muka fito saya ba. In kana so, sa shi a takardar asusunka.”

Mataki na 7: Kuɗin da ba a gani

’Ya’yan yanzu sun tashi suna ganin an miƙa kati ga mai POS ya zaro kuɗi, ko an latsa waya an ce “na tura.” Autata ta taɓa ce min, “Umma, in babu kuɗi ki je wajen mai POS mana, ai shi yana da yawa.” Dole a warware musu wannan. A nuna masa saƙon banki kafin a cire da bayan an cire, ya ga lambar ta ragu, ya kuma ga ladan da mai POS ya ɗauka a kai. A gaya masa katin kamar ambulan ɗinsa ne: abin da Abba ya wahala ya zuba, shi kaɗai ke fita. Datar da yake kallon katun da ita ma kuɗi ce, a faɗa masa nawa aka saya, da kwana nawa ake so ta yi.

Lambar sirri ba ta yaro ba ce, kada a aike shi da kati. Ya kuma haddace cewa duk wanda ya kira waya yana neman a karanto masa lambar da ta shigo, a kashe a kira Umma. Wanda ya kai shekara 9 ko 10, musamman namiji mai son ƙwallo, a yi masa maganar shagunan caca tun kafin abokai su riga ku: wanda ya ci ake jin labarinsa, ɗarin da suka zuba aka biya shi da kuɗinsu ba wanda ke ambatonsu.

Mataki na 8: Ɗan jari, bashi da adashi

Wannan na manyan cikinsu ne. Ba talla nake nufi ba. Ɗora wa yarinya tire ta yi ta yawo tasha lokacin makaranta wani abu ne daban, kuma ba na goyon bayansa. Abin da nake nufi ƙaramar sana’a a cikin gida, a gaban idonku: kaza ɗaya ko zomo biyu da ya saya da kuɗin asusunsa, ko ƙulla zoɓo a lokacin hutu a sayar wa maƙwabta. Darasin guda ɗaya ne, raba uwar kuɗi da riba. A ce ta sayi zoɓo da sukari da citta da leda na 1,500, ta sayar 2,100. Za ta yi tsalle ta ce ta sami 2,100. A zaunar da ita ta ware 1,500 gefe, ta ga 600 ne nata, kuma ko a cikinsa ba a cire ƙanƙarar firjin Umma ba. In kaza ta mutu, ita ma a rubuta a littafi, a yi jaje, a sake tarawa.

Bashi tsakanin ’yan’uwa ba ya hanuwa, bashi hanji ne. A sa masa ƙa’ida: a rubuta, a sa rana, a sami shaida, kuma abin da aka ranta shi za a mayar ba ƙari. Aya mafi tsawo a Alƙur’ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. Yara na mamaki in suka ji haka. Adashi kuma a yi shi a cikin gida, da ’ya’yan gwaggo da na kawu, zubi kaɗan duk Juma’a, babba ɗaya ya zama uwar adashi. Na makaranta da yara ke yi a ɓoye, ƙarshensa yawanci dambe ne.

Mataki na 9: Goron sallah

Shi ne kuɗi mafi yawa da ke shiga hannun yaro a shekara, don haka a yi maganarsa tun daren sallah, ba bayan an dawo ba. A yi yarjejeniya: abin da aka samu a gidajen kusa a kawo gida a ƙirga kafin a tafi gidan zu ko wurin lilo, a fitar da kason ci a tafi da shi, sauran ya shiga littafi. Kason cin a sake masa mara, kada a bi shi da “me ka saya.”

In abin da ke ambulan ya taru ya fi ƙarfin ajiyar gida, a mayar da shi abin da ba ya narkewa, kamar ’yar tunkiya in da wurin kiwo, ko a buɗe masa asusun yara a banki. Yawanci takardar haihuwa ake nema, da hoton yaron, da katin shaida da lambar tantancewa ta banki, wato BVN, na uba ko uwa. Mai gudun kuɗin ruwa akwai bankunan da ba sa mu’amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. A tafi da yaron ranar zubawa, ya riƙe takardar shaida da hannunsa.

Sai matsalar kakanni. Hajiya ba ta san wani tsari ba, tana ganin jika ya ɓata fuska za ta kwance bakin zani ta cusa masa 500, ta ce “kada ka gaya wa uwarka.” Ba a faɗa da Hajiya. Na je na durƙusa na ce, “Hajiya, ki ba su duk abin da kika so, roƙona ɗaya, ki ce su kai a rubuta.” Ta ce wannan boko namu ya yi yawa, amma ta yarda, kuma yanzu ita ke tambayarsu nawa ya taru.

Sallar da ta biyo baya, na tsakiyan ya dawo daga gidajen kawunnansa tun kafin azahar, ya zazzage aljihu a tabarma. Ya ƙirga sau biyu, ya sa ni na ƙirga, ya duba abin da na rubuta, ya sa hannu. Washegari da asuba ya ce in fito da ambulan ɗin ya gani. Bindigar robar dai ya sake sayenta a bakin gidan zu, ta kuma karye kafin la’asar.